Gurbin Takwarana

Illela,
Lahadi da yamma.

Zuwa ga ɗana Bashar,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka Latifa da 'yan matanku huɗu. Ka yi haƙuri da karkacewar rubutu, murna ce ta sa ni sauri. Jika namiji, kuma sunana! Yau a kasuwa ban sayar da albasa ba, labari na yi ta rabawa. Har Yari mai canjin sefa sai da ya ce, "Maccido, kai kaɗai anka taɓa yi ma jika? Bar mu mu ci kasuwa!" Na ce masa ba kowane jika ake haifa bakwaini ya fito yana tsala ihu ba.

Innarku ta ce ta yi sabon miji. Na ce ta bari ya fito daga kwalba tukuna, mu ga ko yana da abin cefane.

Na san za ka ce me ya hana ni bugo waya. Kunnena ba ya kama maganar waya, kuma ban zauna ajin yamma da furfura a kai don in riƙa ba wani alƙalami ba. Sai dai yanar idon nan ta ƙaru. Idon hagu ya tafi, na dama ma sai na kai takarda bakin ƙofa. Likita ya ce bayan sabuwar shekara za a kankare, in dai katin inshorar da ka sa ni ciki yana aiki. Na tuna watan nan ne kamfaninku ke buɗe rajista, kada ka sha'afa.

Direban da ya kawo maka wannan yana da buhun gero daga Kalmalo, na kunun mai jego ne. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka,
Maccido.

Sakkwato.

Zuwa ga Baba,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, da fatan Baba da Inna kuna cikin ƙoshin lafiya. Saƙo ya iso, mun gode, Allah ya ƙara girma. Mutanen gida lafiya, takwaran Baba yana samun sauƙi.

Game da kati, an buɗe rajista, za a rufe Juma'a ta sama. Tsari biyu ne, babba da ƙarami. Babban ya fi ƙarfin albashin direba, saboda haka ƙaramin zan sake ɗauka kamar bara. Baba ya kwantar da hankalinsa, ana kan dubawa.

Ɗanka mai biyayya,
Bashar.

Sakkwato.

Baba,

Ina gaishe ka, ina gaida Inna. Lubabatu ce. Yaya bai san na rubuto ba, kuma don Allah kada ka nuna masa, in ya sani ba zai ƙara gaya mini komai ba.

Abin da bai faɗa maka ba shi ne, ƙaramin tsarin mutum bakwai yake ɗauka: shi, da matarsa, da 'ya'ya huɗu, sai gurbi ɗaya na wanda ya ga dama. Kai ne a gurbin nan tun shekarun baya. Yanzu ga yaro na biyar. Ba a cire ɗaya daga cikin 'yan matan a sa shi, na raka Yaya ofishin an ce ba a yi. Ko kai ko jaririn, haka matar wurin ta faɗa tana cin gyaɗa.

Baba, yaron ya fito daga kwalba amma ƙirjinsa ba daidai yake ba. Likita ya ce shekarar farko zuwa asibiti ba zai yanke ba. Latifa kuwa, ka san ba za ta buɗe baki a kan surukinta ba. Shi kuma Yaya na ce masa, "Mi kake jira?" Ya ce, "Ke kin taɓa ganin wanda ya cire ubansa ya sa ɗansa? Da wane bakin zan faɗa?" Takardar canjin gurbin na aljihunsa har ta yi laushi.

Ni ma ban san abin da nake so ka yi ba. Idonka ne fa. Na dai kasa riƙe maganar ni kaɗai.

'Yarka,
Lubabatu.

Illela.

Zuwa ga ɗana Bashar,

Ina gaishe ku gaba ɗaya, musamman abokin takarata. Ka gaya masa na ji labarinsa. Tun bai iya riƙe kai ba ya ƙwace mini suna, ya ƙwace mini mata, don Innarku yanzu ba ta da zance sai nasa, tuwona ma ya fara zuwa da sanyi.

To, tunda ƙwace ya zo yi, ya haɗa da sauran. Duk wata kujera da nake zaune a kai a wurinka, ka ɗaga ni ka ɗora shi, har da ta katin asibiti in ta kama. Ni na ga duniya, na ga Konni na ga Legas, na ga fuskar Yari har ta ishe ni. Mi ya rage in kalla? Shi kuwa ko ƙofar gidanku bai gani ba.

Jiya na zauna bayan la'asar na rufe idon dama da hannu, don in gwada yadda abin yake. Ba daɗi, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma na gane muryar kowa, har akuyar maƙwabta. Mutum yana rayuwa a haka.

Ka karanta wannan da kyau, ka yi abin da na ce kafin Juma'a. Allah ya raya mana shi.

Mahaifinka,
Maccido.

Sakkwato.

Zuwa ga Baba,

Bayan gaisuwa ta girmamawa. An rufe rajista jiya. Ban miƙa takardar canji ba, kuma duk wanda bai miƙa ba, na bara ne ke ci gaba. Sunan Baba yana nan. Aikin ido ya tabbata.

Wasiƙar Baba ta same ni da wuri. Na karanta na yi dariya, na ce wasan kaka da jika ne. Na sake karantawa na ce kara Baba yake yi mini, kuma ɗan kirki ba ya karɓar kara daga mahaifinsa da hannu biyu. Ranar Juma'ar na je har bakin ofishin, na tsaya ina jiran ko wani saƙo zai zo da magana a fili. Ina nan tsaye aka ja ƙofa.

Da na koma gida Latifa ta dubi fuskata, ta ce, "Allah ya ba Baba lafiya," ta ci gaba da shafa wa yaron mai. Da asuba mun koma asibiti da shi, numfashin ne. Sun riƙe su.

Baba ya yafe mini, ban san wanne ne laifin ba.

Ɗanka,
Bashar.

Illela.

Bashar,

Ina gaishe ka. Ba ka sani ba, shekaranjiya na shiga mota na zo Sakkwato. Na nemi ofishin har na samu. Na cire hula na ce su goge ni su sa takwarana. Sun ba ni kujera da ruwa, suka ce sai baɗi. Na ce to aikin idon fa, a juya shi ya koma na ƙirjin yaro. Suka ce ba a juyawa.

Daga nan na tafi asibiti. Na kai har ƙofar ɗakin yara, na jiyo muryar Latifa tana lallashinsa, tana kiransa Baba. Ban shiga ba.

Ba laifinka ba ne, ni ne na yi wasa inda ya kamata in ba da umarni. Idon zan je a yi, tunda ba ya bayuwa. Ka riƙa rubuto mini yadda ya kwana, ko layi ɗaya ne. In kuma babu daɗi, kada ka yi mini kara.

Mahaifinka,
Maccido.