Zuwa ga Ayashe, Kakata da Aka Naɗa wa Rawani

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Zuwa ga kakata Ayashe ta Zurmi, bayan gaisuwa ta girmamawa, da fatan ƙasa ta yi miki sauƙi. Mijinki ne Lawali, wanda kike cewa ba ya kawo cefane, sai dai ya cinye na mutane. Na rubuto ne in kawo miki ƙarar gidanki, kuma ni ma ina cikin waɗanda ake ƙara.

Maganar a taƙaice ita ce an mayar da ke namiji. An yi miki gemu, an naɗa miki rawani, an buga a littafi.

Kin fi kowa sanin inda sunan gidanmu ya fito. Mijinki na gaskiya, kakanmu, ya rasu kina da cikin Baba. Ranar da aka kwashi yara zuwa makarantar boko, malamin ya tambayi ɗan wane ne wannan, sai yaron mai unguwa ya ce ɗan Ayashe ne, aka rubuta. Daga ranar har ya koma ga Allah, Baba bai amsa wani suna ba. Da ya samu aikin jirgin ƙasa a Ƙaura, wani akawu ya ba shi shawara ya gyara takardunsa, don namiji ba ya yawo da sunan mace. Baba ya sha ba mu labarin amsar da ya ba shi: "Ban san ubana ba, ita nis sani."

Naki sunan kuwa ke kika gaya mini ma'anarsa, muna ɓarar gyaɗa a ƙofar ɗakinki. 'Ya'ya huɗu mahaifiyarki ta binne kafin ke. Da aka haife ki sai aka ce a yashe ki, a nuna ba a damu da ke ba, ko mutuwa ta kawar da kai. Ta kuwa kawar, sai da kika ga jikokin jikokin wasu.

Sana'arki wankan gawa. Na rubuta shi a fili don masu leƙen wasiƙar nan su gani da kyau. Mace ta mutu a Zurmi ko ƙauyukanta, ke ake aika wa. Ina tuna ƙwaryarki da ba a shan ruwa da ita, da ganyen magarya da kike shanyawa a kan danga. Shekarar da amai da gudawa ya shiga Dauran, mutane na gudun 'yan uwansu na jini, kika ɗaura zane kika tafi a ƙasa, kika yi kwana tara. Da kika dawo na ƙi cin tuwon da kika tuƙa. Kika dube ni kika ce, "Gawa ba ta cizo, mai rai shi ka cizo." Na ci, har na nemi ƙari.

A da, in ka ji Ɗan Ayashe a ƙasar nan, to mu ne, ba mu fi a ƙirga da yatsu ba. Yanzu ƙanena Sanusi, wanda kika bari yana rarrafe, ya yi arziki da kwangila, ya shiga siyasa. Sunanki na jikin ledar ruwa. Yana bayan Keke Napep daga Ƙaura har Shinkafi. Samarin da ba su san hanyar gidanmu ba sun liƙa shi a ƙarshen sunayensu a waya. Har mai shayi a bakin tasha ya rubuta shi a allonsa. Na ce to, Allah ya yi wa tsohuwa farin jini bayan ranta.

Sai abokan hamayya suka fara yi wa Sanusi gori a taro, suna ce masa jikan mai wankan gawa. Maimakon ya ce e, kuma uwayenku ta wanke, sai ya je ya ɗauko wani marubucin haya. Cikin wata biyu aka haifi Malam Ayashe, shaihin da ya taso daga Gabas da raƙuma ɗauke da littattafai, ya sauka Zurmi ya buɗe tsangaya. Har hotonsa aka yi da kwamfuta, fari, dogon hanci, da carbi. Ke da alif ba ki sani ba sai fatiha da ƙulhuwallahu, ga ki nan kin zama mai tafsiri.

Yanzu ga nawa laifin. Ni ne babba a gidan, ni ne malamin makaranta, ni na san ki. Sanusi ya zo har zaurena ya durƙusa, ya ce ranar ƙaddamarwa ni zan karanta tarihin, don in daga bakina ya fito ba mai musu. Ya ce rufin asirin gida ne, ya ce zumunci, ya haɗa ni da darajar Baba. Na ce zan yi tunani, alhali na riga na san zan je. Na sa babbar riga, na riƙe lasifika, na karanta shafi uku. Na ce da ke "shi" a gaban jama'a, ban yi tuntuɓen harshe ko sau ɗaya ba. Aka tafa mini. Ban taɓa jin ƙyamar mutum kamar yadda na ji ƙyamar kaina a kan wannan mumbarin ba.

Bayan sati uku Gwaggo Hassi ta rasu, 'yarki, wadda ta rage cikin waɗanda suka sha nononki. Gida ya cika da matanmu, kowace da lesi da waya a hannu. Aka ce a yi mata wanka, sai kallon kallo. Wannan ta ce tana da hawan jini, waccan ta ce mafarki take yi. A gidan Ayashe, Kaka, aka rasa macen da za ta zuba wa 'yarki ruwa. Sai da aka aika makarantar firamare inda 'yan gudun hijira ke zaune, aka samo wata dattijuwa 'yar Dauran, wadda 'yan bindiga suka taso daga gonarta.

Matata ce ta ba ni labarin abin da ya faru a cikin gida. Da dattijuwar ta gama, ta wanke hannu, sai ta tambaya ko nan ne gidan Ayashe mai wanka. Ta ce in nan ne ba za ta karɓi komai ba, don tana yarinya, shekarar annoba, wata Ayashe ce ta wanke mahaifiyarta a lokacin da dangi suka watse. Matar Sanusi ta ce a'a, suna ne ya zo ɗaya, namu Malam ne. Ta danƙa mata kuɗi, ta raka ta ƙofa da sauri. Sun gwammace su biya da a san su naki ne.

Kwana biyu ina jan ƙafa, ranar na uku na je makarantar. Na same ta a gindin bango tana tsince dawa. Na tsuguna na gaya mata cewa nan ne gidan, gawar da ta wanke ta 'yarki ce, ni kuma jikanki ne, kuma ni na karanta ƙaryar da bakina. Ba ta ɗaga kai daga faifanta ba.

Ta ce, "Na sani, Malam. Tun da nib buɗe huskatta nig ga Ayashe. Na wanke ta awa uwata. Kuɗɗin kau na ba makahi, nic ce su yi ma Ayashe addu'a."

Matar da ba ta da ɗaki, ba ta da rumbu, ita ta yi miki sadaka a bana. Mu masu sunan ba mu yi ba.

Na san Sanusi zai ga wannan wasiƙar kafin la'asar, na kuma san ba zai sake taka zaurena ba. Ina son sa, ni na goye shi zuwa makaranta, kuma abin zai yi mini ciwo. Amma ni na faɗa a bainar jama'a, don haka a bainar jama'a zan janye. Babu Malam Ayashe, ba a taɓa yin sa ba. Ke ce, gajeriya, baƙa, mai kaushin hannu, mai tsokanar jikoki. Ki yafe mini, Kaka, na yi kewarki ƙwarai.

Allah ya wanke ki daga zunubi kamar yadda kika wanke bayinsa ba tare da kin toshe hanci ba. Allah ya haɗa ki da Baba da Gwaggo Hassi a Aljanna. Allah ya mayar da wannan baiwar Allah gonarta lafiya, ya kuma ba ta mai wanke ta in tata ta zo. Amin.

Jikanki,
Lawali Ɗan Ayashe
Ƙaura Namoda