Ƙarfen Keken Babanki Ya Kama Hanya

Zuwa ga Autata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara, Ya rufa muku asiri, Ya tsare ku a inda idona ba ya kaiwa. Mu nan duk lafiya lau. Ƙafata ta yi sauƙi, an mayar da Yayanki aiki kusa da gida, matarsa ta yi nauyi sosai, Gwaggonki kuma tana nan da bakinta yadda kika bar shi. Yayanki ya ce in yi miki saƙon murya in huta, na ce a'a, in na fara da baki zan haɗiye rabin labarin don ɗoki. Saboda haka ki nemi wuri ki zauna.

Albishirinki, Auta, ƙarfen ya tafi. Da hannuna na miƙa shi a gidan waya, da idona na ga an jefa shi cikin buhu. Tun ranar da kika kira kika ce keken ɗinkin marigayi Babanki ya tsaya, ɗan ƙarfen nan mai haƙora da ke juya zaren ƙasa ya karye, hankalina bai kwanta ba. Na san labulen otal ɗin nan shi ne babban aiki na farko da aka ba ki a can, na san ƙarshen wata ake jira, kuma kin ce keken zamani da kika aro sai karya allura yake yi a kan yadi mai kauri. Abin da ya fi ci mini rai shi ne da kika ce kin ga ƙarfen a shafin saye da sayarwa, a garinmu ma yake, amma duk saƙon da kika tura amsa ɗaya ake maido miki, cewa ba a aikawa ƙasar waje. Kika ce an raina ki ne. Ni ma haka na ɗauka.

Na sa Yayanki ya tura saƙo a matsayin mai saye na cikin gari, nan da nan aka ba shi kwatance. Gwaggonki na ji ta ɗauki mayafi, ta ce sai ta ga fuskar wanda ya wulaƙanta 'yar ɗan'uwanta. Tun a mota take bita, tana gwada mini maganar da za ta fara da ita da wadda za ta rufe da ita, har mutumin da ke kusa da mu ya tambaya ko kotu za mu. Wurin yana bayan layin masu facin taya, ana hawa wani siririn bene mai duhu. Muna shiga ƙamshin man keke ya buge ni, sai da na dafa bango, don kamar shagon Babanki na shiga. Kawunan kekuna jere a kan kanta, an lulluɓe su da tsofaffin rigunan filo, ga gwangwanayen madara cike da kusoshi. Mai wurin kuwa ba wani ƙaton mai girman kai ba ne. Mace ce sa'ata, gwiwoyinta a kumbure, ta tashi da ƙyar ta ba mu kujerarta ita ta zauna a kan akwati. Mijinta ne mai gyaran keke, ya rasu ya bar mata kayan, surukarta ke ɗaukar hotuna tana sa mata a shafi in ta samu hutu.

Duk da haka Gwaggonki ba ta yarda bitarta ta tafi a banza ba. Ta ce mata, baiwar Allah, yarinyarmu ce take roƙonki daga wata uwa duniya kina maido mata da magana kamar ana rufe ƙofa, ko kuɗin can ba kuɗi ba ne? Matar ta yi dariya har tana riƙe gwiwa, ta ce Yaya, zauna ki ji abin da ƙasar waje ta yi mini. Ta ce na farko da ta aika wa, bakinsa kamar zuma, Mama sama Mama ƙasa. Kaya suka isa, kwastan na can suka ce sai ya biya haraji, ya ƙi zuwa, ya kai ƙara cewa bai ga komai ba, masu shafin suka cire kuɗin daga wajenta suka mayar masa, kayan kuma har yau ba su dawo ba. Na biyu ya turo hoton ƙarfe a tsage, ita ba ta san ko a hanya ya tsage ko daga hannunsa ya faɗi ba, shi ma aka ba shi gaskiya. Wani kuma da kansa ya zaɓi abin da bai dace da kekensa ba, ya ce sai ta karɓi abinta, alhali kuɗin dawo da shi ya fi kuɗin ƙarfen. Ban da masu turo rasit na ƙarya su ce sun biya fiye da ƙima a maido musu canji. Kuma kowane ɗaya in ya fusata sai ya rage mata taurarin da ake ba mai sayarwa, masu saye na gida su gani su gudu. Ta ce na cikin gari in ya yi mata ƙarya ta san unguwarsu, za ta hau mota da gwiwar nan tata ta je ta zauna a ƙofar gidansu, na ƙetare fa, wa za ta kama, iska? Gwaggonki ta ce ashe tsoro ne ba raini ba, ta kuma nemi a ba ta ruwa.

Na ce to, ta sayar mini, ni zan aika, in ya ɓace a kaina. Ta yarda, amma ta ce ƙarafan nan sun yi kama da juna kamar 'yan gida ɗaya, kada a kai miki wanda ba zai zauna ba. Sai na buɗe hoton lambar keken da kika turo na miƙa mata waya. Ta riƙe ta nesa da fuska, ta shafa ƙirji, ta ce kash, ba ta san inda ta ajiye tabarau ba. Tabarau ɗin kuwa ga shi can a kan taga, ƙura ta rufe shi. Gwaggonki ta buɗe baki za ta nuna mata, na taka mata ƙafa. Auta, na san maganar nan. Na faɗe ta a makarantarku, na faɗe ta a asibiti, kafin Allah Ya sa na shiga ajin manya na koyi karatu. Sai na ce mata nawa idon yau ya tashi da ƙarfi, bari in duba mana. Marigayi mijinta ya ɗaure kowane ƙarfe a 'yar leda da takarda a jiki. Ita tana zaro su da hannu tana cewa wannan ya yi kauri, wannan haƙoransa sun yi yawa, ni ina karanta lamba, har muka haɗu a kan guda. Sabo fil, ko tsatsa babu.

Da Gwaggonki ta sauka neman kwali, matar ta matso ta rage murya. Ta ce duk abin da ta faɗa gaskiya ne, amma akwai wanda ya fi su. Kayan cikin ƙasa mai babur ke zuwa har ƙofa, shi ke rubuta komai. Na waje kuwa sai an je gidan waya an cike takardar kwastan. Waɗanda aka aika a baya surukarta ce ta cike mata, amma ranar da ta tsaya a layin nan ita kaɗai, ma'aikaci ya turo mata takarda da biro, na baya suna tsaki, sai ta ce ta manta wani abu a gida, ta rungumi kwalinta ta fita. Tun daga ranar surukarta ta ajiye mata amsa guda a waya, duk saƙon da ta ga alamar daga waje yake sai ta danna. Ba ta san me kika rubuta ba, Auta, ko kalma ɗaya. Na nemi izini na buɗe saƙonninki na karanta mata, har wanda kika ce keken mahaifinki ne, a kansa kika koyi ɗinki kina tsaye a kan kujera 'yar tsugune. Ta daɗe tana kallon kekunan da ke kan kanta, sannan ta ce in miƙo mata takalmanta, da ita za a je gidan waya.

A can ma an sha kallo. Matar ta naɗe ƙarfen da tsumma mai mai, ta cusa audugar filo ta ko'ina, ta girgiza kwalin a kunnenta har sai da ya daina motsi. Ta saka miki kwalbar man keke kyauta, ma'aikacin ya fitar da ita ya ce abu mai ruwa ba ya hawa jirgi, ta ce masa ɗana, to keken ya sha me? Gwaggonki ta ce a rubuta tsaraba ce kawai don kada a caje ki, ya ce Hajiya a rubuta gaskiya, in kaya ya ɓace abin da aka rubuta shi za a biya. Na ɗauki biro. Kin san ba ni da sauri, layi kuwa ya yi tsawo, wani ya fara tsaki a baya. Gwaggonki ta juya ta fuskance su, ta ce mai gaggawa ya shiga kwali a aika shi, ga sikeli nan. Aka yi dariya, aka bar ni. Matar tana tsaye a kafaɗata tana bin bakin biro da ido, tana tambaya kowane gida me yake nema. Na ce wannan me ke ciki, wannan nawa yake, wannan wa ya aiko, wannan wa zai karɓa. Da na sa hannu ta ce shi ke nan? Ta ce ita duk zatonta irin takardar da ake kai mutum kurkuku da ita ce.

Yanzu ki saurare ni da kyau, don har yanzu zuciyata tana cikin kwalin nan. Na biya na mai sauri, ma'aikacin ya ce in kwastan ba su riƙe ba zai same ki da sauran lokaci kafin ƙarshen wata. Yayanki ya tura miki lambar da ake bibiya da ita, ya ce ta nuna kayan sun bar ƙasa, na sa ya duba har ya fara ɓuya mini. In sun kira ki ki je da wuri, abin da suka ce ki biya ki biya, ban da gardama. Ki ɗauki hoton kwalin kafin ki buɗe. Kada ki buɗe shi a gaban angona, kin san komai baki yake kaiwa. In ƙarfen bai shiga da sauƙi ba kada ki buga shi, ki ɗiga mai ki juya a hankali. Mai otal kuma ki gaya masa gaskiya tun yanzu, kada ya ji a bakin wani.

Abu na ƙarshe, kuma shi ne roƙona. Ki yi wa matar nan godiya da saƙon murya, kada ki rubuta, kada kuma ki nuna kin san dalili. Ranar da keken ya tashi, ki ajiye waya kusa da shi ki ɗauko mana ƙararsa yana cin labulen nan. Ta ce daga ƙara za ta gane ko ƙarfen ya zauna daidai. Ni ban iya gane wannan ba, so nake kawai in ji shi. Da za mu rabu a bakin titi na tambaye ta ko yanzu za ta riƙa aikawa waje. Ta ce ina, har gobe tana nan a kan bakanta, sai dai in mai sayen yana da uwa a gari.

Ki gaishe mini da maigidanki, ki ce na gode da haƙurin da yake yi da ƙarar keke. Ki gaishe da angona Sarkin Kuka, ki ce in bai daina kuka ba zan sake miji. Ki shafa mini kan Mai Kumatu. Yayanki da matarsa suna gaishe ku, Gwaggonki ta ce a gaya miki ƙafarta da na taka tana kan wuyanki. Allah Ya kai kaya lafiya, Ya sa albarka a hannunki, Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ni ce mai yi miki addu'a kullum,
Mahaifiyarki.