Yayen Mardiyya a Illela

Litinin, 31 ga Yuli 2023
Ban iya rubutu ba, waya nike dannawa in yi magana. Rediyo ya ce iyaka da Najeriya ruhe take, har ana zancen yaƙi. Ɗiyata Mardiyya na can Illela, tsallaken iyaka, wurin Inna. Sati guda da anka kai ta yaye, kamar yadda anka yi mini wurin kakata. Kwana ashirin munka ce. Ni da hannuna na sa ta mota.

Alhamis, 3 ga Agusta
Najeriya ta yanke kuran, wutar lantarkin Madawa. Nono har yanzu bai ƙahe ba.

Lahadi, 6 ga Agusta
Wai yau wa'adin da su Najeriya sunka ba sojojinmu masu juyin mulki ya cika. Bakin rijiya Zaliha ta ce, "Rabi'atu, gaya ma danginki in za su jefo bam su tsallake gidanmu, jiya munka yi yaɓe." Mata sunka yi dariya, ni ma na yi. Guga ya kuɓuce mini. Shekara huɗu ina aure Galma, ban san ni baƙuwa ce ba.

Talata, 15 ga Agusta
Na samu Inna ta waya. Ta ce yarinya ta kama kunu, ta bar kuka. Na ce a ba ta in ji muryarta. Numfashinta kaɗai na ji, sai ta ture wayar.
Mu da mutanen Najeriya, mi munka yi ma juna? Kasuwa guda muke ci.

Asabar, 19 ga Agusta
Motocin soji sun wuce sun yi kudu. Ba wanda ya ɗaga hannu. Baban Mardiyya ya samo wani Usama, mai kabu-kabu da ke bin daji. Ya ce ran Laraba shi kawo ta, wata mata za ta goyo ta. Na share ɗaki, na wanke 'yan kayanta.

Laraba, 23 ga Agusta
Inna ta kira da sahe, ta yi mata kitso, Usama na ƙofar gida. Ban san sadda na ce, "Inna, bar ta nan" ba. In jiragen yaƙin Najeriya sunka taso, ai ba Illela za su nufa ba. Inna ta ce to.
Na ce ma Babanta mura take yi, ba ta iya hanya. Ya ce Allah shi ba ta lahiya, na ce amin.
Na ci tuwo yau. Har na ƙara.