Shafukan da Na Tsallake wa Inna

Ƙarfi,
Ta Malumfashi,
19 ga Satumba, 1976.

Zuwa ga ƙanena Enoch,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da 'yan'uwanka sojojin ruwa da kuke can Ingila. Allah ya tsare ku daga sanyin nan da ka ce yana ratsa ƙashi. Mu nan lafiya lau. Damina ta yi albarka, dawa ta fara fitar da kai, audugar Kawu Abraham kuwa sai wanda ya gani. Susana ta sauka lafiya, an samu mace, an sa mata Barakatu. Mun koma makaranta, yara sittin da biyu aka zuba mini a aji ɗaya, muryata har ta dushe. Ƙafar Inna ta yi sauƙi. Jikinta ƙalau yake, amma yau kwana tara ke nan in ban da amsa gaisuwa ba ta ce mini uffan ba. Abin da ya zaunar da ni rubuta maka ke nan.

Enoch, na yi laifi, kuma kai ma kana da naka kason. Wata goma sha ɗaya ke nan da aka tura ku wurin da ake ƙera jirgin nan naku, kuma ka san ni nake karanta wa Inna wasiƙunka. To kai ba ka rubutu irin na mutane. Layi biyu na gaisuwa, sauran duk jirgi, sai ka ce ango yana ba da labarin amarya. Na karanta mata yadda ake haɗa falankin ƙarfe da walda, da farin fentin da aka shafa masa, da ɗakin nan mai faffaɗan tebur inda za a riƙa zana taswira. Na karanta mata cewa an ɗora injinan a kan roba don kada ruguginsu ya dami kayan awo. Da ta ji babu babbar bindiga a kansa har guɗa ta yi. A wurinta kai maƙeri aka mai da kai, kana tsaye a kan tudu da guduma a hannu, ni kuma na bar ta a haka.

Ga abin da na riƙa tsallakewa. Ban karanta mata cewa an yi gindin jirgin ba zurfi da gangan, don ya shiga wuraren da ba a san zurfinsu ba. Ban karanta mata ramukan da ka ce an yanka a gindinsa an dasa na'urar da ke aika ƙara ƙarƙashin ruwa ta dawo, alƙalami ya zana zurfin a takarda. Ban karanta mata ƙananan jirage biyu da aka rataya a gefensa, waɗanda za a riƙa saukewa inda babban ba zai iya shiga ba, balle in ce kai ne za ka riƙe ɗaya. Ka rubuta wannan da alfahari har ka ja masa layi a ƙasa: ku ne za ku riƙa shiga gaba ku auna, sannan sauran jirage su biyo.

Kana da shekara shida lokacin da muka rasa Baba, ni ina sha uku, don haka na fi ka tunawa. Duk ranar kasuwa da rafin bayan gari ya kawo, Baba ne yake shiga gaba da gorarsa yana tokara ƙasa, masu kaya suna tsaye a gaɓa har sai ya ɗaga hannu. Shekara ashirin yana yi, ba wanda ya san rafin nan kamarsa. Ranar da rafin ya tafi da shi, ni na riƙe zanen Inna don kada ta bi shi. Yanzu ka gaya mini, da wane baki zan karanta mata cewa ɗanta ya tsallaka har Ingila ya koyo aikin nan?

To, ramin ƙarya ƙurarre ne. Wasiƙarka ta ƙarshe shafi biyar ce, na gama karanta ta kafin ruwan kunu ya tafasa. Inna ta juya takardun a hannunta, ta tambaye ni ina sauran. Na ce zancen inji ne kawai. Ta ninke su ta ajiye. Washegari ina makaranta ta kwashi wasiƙunka duka daga cikin gwangwanin da take ajiye su, ta kai wa maƙwabcinmu Malam Shitu, wanda ya yi aikin awon auduga a Funtua. Bawan Allah bai san komai ba, ya karanta mata tun daga ta farko har ta ƙarshe, yana yi yana yaba maka, har da cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Na dawo na same ta a zaune da gwangwanin a cinya. Da ma ta yi faɗa, da na fi jin sauƙi. A hankali ta ce wata goma sha ɗaya tana durƙusawa tana roƙon Allah kada guduma ta buge maka yatsa, alhali ni na san ruwa ne yake jiran ka. Ta ce ba ta ga laifinka ba, tunda kai ka faɗa. Ni ce na sace mata addu'ar wata goma sha ɗaya, kuma ba ta san inda za ta samo ta ta mayar ba. Tun daga nan ban ƙara samun sukuni ba. Ina gaban allo in manta abin da nake rubutawa.

Akwai wanda ya fi wannan muni, gara ka ji daga bakina. A shafi na biyar ka roƙi Inna ta sa maka albarka kafin ƙarshen Oktoba, lokacin da za ku fita gwajin jirgin a teku, ka ce ba ka son taka shi ba tare da ita ba. Shi ma na tsallake. Niyyata in rubuto maka cewa ta sa, shi ke nan kowa ya kwana lafiya. Da na yi, da ka shiga teku da albarkar da ni na ƙirƙira. Ka yafe mini.

Sau uku ta koma wurin Malam Shitu a kan ramukan nan. Tana so ta san da me aka liƙe su, ko ka gani da idonka ranar da aka yi, ko kuwa gaya maka aka yi. Tana so ta san ko a ƙaramin jirgin nan mutum yana sa ƙafa a ruwa. Don Allah ka amsa mata ɗaya bayan ɗaya, da Hausar da za ta gane, kada ka rage komai don ka kwantar mata da hankali. Ka aiko ta hannun Malam Shitu, don ta gaya masa daga yanzu shi zai riƙa karanta mata.

Kawu Abraham da Gwaggo Roda suna gaishe ka. Susana da mijinta Mark suna gaisuwa, haka Hajo matar Malam Shitu, ta ce ka riƙa sa hula. Ka gai da abokinka Maiwada da sauran yaran Arewa da kuke tare.

Za ka ga wata 'yar takarda a ninke cikin wannan, an liƙe bakinta da ƙaro. Ta Inna ce. Jiya ta je ta faɗa, Malam Shitu ya rubuta, ta sa ya maimaita mata sau biyu, sannan ta kawo ta ajiye a kan littattafaina ba tare da ta dube ni ba. Amsarka tana ciki. Ko ta sa albarkar, ko ta ce ka sauko daga jirgin, ban sani ba. Na ɗaga ta a hasken rana, sai na ji kunya na sauke. Ban buɗe ba. In ka karanta, duk abin da ka samu a ciki ka rubuto ka gaya mini, kada ka tsallake mini ko layi ɗaya.

Ni ce yayarka,
Salome Ɗanasabe.