Kifin Saifuddeen

Lahadi, 7 ga Janairu, 2024, Mai Wurno

Gobe asibitin Sinnar, wankin ƙoda. Kowane mako haka: a tafi da hafila, motar haya, a kwana kan layi, a dawo kamar tsumma. Damuwata akwatin gilashin nan. Ɗana Saifuddeen ya tsere wa yaƙi daga Madani bai ɗauko katifa ba, bai ɗauko takardar shahadarsa ta makaranta ba, sai kifi biyar da gwangwanin abincinsu. Ya ce, "Baba, riƙe min su, in je in fito da matata." Har yau shiru.

Na bar wa Barakatu, matar ƙanena marigayi. Na nuna mata: abin da yatsa biyu suka ɗauka, sau ɗaya a yini.

Laraba, 10 ga Janairu

Ruwa fari kamar kunu. Ɗaya ya mutu. Kisra, wainar dawa, Barakatu ta marmasa musu, har da guntun tuwon asida. Wai, "Yaya, mi al laihina? Baƙin Saifu na. A bar baƙo da ƙwaya ukku?"

Na karantar da kimiyya har gashina ya yi fari, ga inda na ƙare.

Laraba, 17 ga Janairu

Wani kuma ya mutu. Ashe ba ita kaɗai ba ce. Matan unguwa sun ji labari, kowacce ta shigo da ɗan abinta, wai sadaka ce don Allah ya maido da yaro. Iya Ruƙaya har da gero. Garin da ba kowa ke cin abincin rana ba, amma an sami abin kashe min kifi da alheri.

Na yi faɗa. Na faɗi abin da bai kamata ba, a kan jahilci, a kan ƙanena ma. Barakatu ta ce, "Allah shi ba ka lahiya, Yaya," ta fita.

Lahadi, 21 ga Janairu

Na sayi kwaɗo, na kulle ɗakina. Kifi na jure yunwar kwana biyu, mutane ne ba ya jurewa.

Laraba, 24 ga Janairu

Uku, lafiya lau. Ruwa garau. Ni ne da gaskiya. Babu wanda zan faɗa wa.

Tana ajiye min shayi a bakin ƙofa, ba ta sallama.

Alhamis, 8 ga Fabrairu

Injin asibiti ya tsaya, muka ƙara kwana. A gida ma ba wuta, famfon iskar akwatin ya mutu. Tun daga zaure na ji warin. Biyu sun kumbura a kulle, ba wanda zai tsame su. Barakatu ta ce ta gani ta taga, ta tsaya da guduma a hannu, sai ta tuna maganata.

Saura ƙaramin, mai yagaggen wutsiya. Wanda Saifu ke ce wa Ustaz, wai yana fushi kamar ni.

Layin waya ma ya ɗauke yanzu. Ko Saifu ya kira.

Juma'a, 16 ga Fabrairu

Gwangwani ya ƙare. Na zazzage, na goge da yatsa. A kasuwa suka yi min dariya: "Ya Ustaz, abincin kifi? Mu ma kifin muke nema."

Likita ta ce kayan wankin ƙodar sun kusa ƙarewa, in gwada asibitin Damazin. Ba tafiyar kwana biyu ba ce. Ba ta ce zan dawo ba, ban tambaya ba.

Lahadi, 18 ga Fabrairu

Na je ƙofar Barakatu na roƙi kisra. Ta miƙo min. Na shanya, na daka, na nuna mata a gefen farce: iyakarsa ke nan. Ta ce, "Matan fa?" Na ce su zo su gani, hannunsu a baya.

Kwaɗon na cire ne don ya yi tsatsa, ba don komai ba.

Kafin hafilar Damazin ta zo na jefa wa kifin ƙwaya ɗaya da kaina. Ya ci. Barakatu ta ce ta ji na ambaci sunan yaron. Tari ne.