Karkatacciyar Allurar Garmahon Baba

Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kai da iyali kuna lafiya. Baba na gaishe ka, jiki dai sai a hankali.

Kai da kake gyara garmahon mutane, na gidanku ya gagare ka leƙowa. Faifan nan da Baba da marigayiya Mama suka rera waƙa tare tun suna sabon aure, kullum da yamma sai an sa masa. Jiya ina goge ƙura na ga allurar kamar ta kwanta gefe guda. Ko idona ne? Ka san ba mu da wani faifan, kuma muryar Mama ba ta ko'ina sai a cikinsa.

Ƙanwarka,
Auta

Auta,

Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara wa Baba sauƙi. Gorin kuma na karɓa.

Ba idonki ba ne, kuma kada ki yi wasa da shi: karkatacciyar allura cinye gefe ɗaya na layin faifai take yi. Ki cire faifan, ki ɗora ƙaramin madubi a kan farantin da ke juya shi, ki sauke allurar a kansa a hankali, ki durƙusa ki duba ta gaba. Ita da hotonta na cikin madubi su zama miƙaƙƙen layi ɗaya. In sun yi gwiwa, ki sassauta ɗan sukurun da ke wuyan hannun da ke riƙe da allurar, ki murɗa kan allurar kaɗan-kaɗan har su miƙe, sannan ki ɗaure. Kowace murya za ta koma lasifikarta, ta hagu ko ta dama, babu mai shiga ta wani.

Na bar ki lafiya,
Yayanki

Yaya,

Ina gaisuwa. Na yi yadda ka ce da madubin hodata, ta miƙe sak. Sauti kuwa tar, Mama a hagu, Baba a dama.

Da ma ban taɓa ba. Lasifikar dama ce kusa da gadonsa. Ashe shekara da shekaru karkatar nan ce ke zubo muryar Mama cikin tasa, yana jin su a haɗe. Da na sa masa, ya saurara ya ce, "Auta, wa ya raba mu?" Na musanya lasifikun, ya ce ya ji ta, amma shi yana ina? Na jera su wuri guda, ya ce wannan maƙwabta ne ke waƙa. Tun ranar bai ƙara cewa a sa ba. Ɗakin ya yi tsit, ni kuma na rasa inda zan sa kaina.

In mayar da allurar yadda take a da?

Taka,
Auta

Auta,

Ina amsawa. Wasiƙarki ta hana ni sukuni. In kika mayar, faifan ba zai kai ga 'ya'yanmu ba. Duk da haka ki mayar.

Sai dai ga abin da ke cin raina: mai gyara kan yi alama da fensir kafin ya murɗa, ni kuwa ban ce ki yi ba, don ban zaci wani zai nemi karkatar ba. Yanzu babu wanda ya san gwargwadonta. Ki gwada da kunnen Baba.

Ki ba shi haƙuri a madadina.
Yayanki

Yaya,

Sallama. Na murɗa, na ƙara, na rage, har yatsuna suka yi tsami. Duk karon da na sa masa sai ya rufe ido ya girgiza kai. Yau ya daɗe yana saurare, sannan ya ce, "Ta matso. Amma da can ta fi haka kusa."

Likita ya ce ka zo, kada ka jira ƙarshen wata. Ka taho da kayan aikinka, ko kai za ka dace.

Auta