Katakon Mai Zuwa

Litinin, 3 ga Maris
'Yata Auta ta sauka! Mace ce! Na yi sabuwar amarya, tsohuwata sai ta san inda dare ya yi mata. Don murna rubutun duk ya karkace. Da malaminmu na ajin yamma zai gani, da ya sa na sake.

Talata, 4 ga Maris
Ashe ni kaɗai nake dariya. Tsohuwa ta dawo daga asibiti ido jawur. Auta ta zubar da jini sosai, sai da aka ƙara mata. Haihuwa ta huɗu ke nan, babban ko makaranta bai shiga ba. Likita ta ce in wani cikin ya biyo kusa, ranta ne a kai.

Alhamis, 6 ga Maris
Kowane jika ina yi masa 'yar kujera, kuma ranar da na gama nake yanka katakon mai zuwa in jingine. Yau na gama ta amarya. Na yanka na gaba, don hannu ya saba. Sai na tsaya ina kallonsa.

Lahadi, 9 ga Maris
Maganar tazarar haihuwa ake. Ni da na sha cewa kowane baki da rabonsa! Ba na iya tambayar 'yata, kunya. Sai in yi ta gyaran ƙofar da ba ta lalace ba, ina kasa kunne.
Tsohuwa: "Ƙwaya kullum? Ke da kike manta tukunya a wuta?"
Auta ta yi dariya, ta ce allurar wata uku kuma, mijinta direba ne, wa zai riƙe yara ta je layi?

Laraba, 12 ga Maris
Na kasa zama. Na ɓata ƙusa ba adadi.

Asabar, 15 ga Maris
Surukina ya zo shago, ya durƙusa. "Baba, ta zaɓi wanda ake sawa a damtse, mai yin shekaru. Likita ta duba ta, ta ce ya dace da ita ko tana shayarwa, kuma duk ranar da take so a cire. Ni na yarda. Fushinka take tsoro."
Fushina! Yarinyar da na goya.
Na ce, "Miƙo min guduma."

Juma'a, 21 ga Maris
Aike na yi ta bakin tsohuwa: a je, kada a jira ni. An sa mata jiya.
Katakon nan dama ya yi wa kujerar yaro faɗi, shi ya sa kawai na mayar da shi kujerar Auta. Na ƙara masa majingina da wurin ɗora hannu. Auta ta zauna a kai tana ba amaryata nono, har gyangyaɗi ya ɗauke ta. Tsohuwa ta ce, "Malam kafinta, ina na mai zuwa?" Na ce ƙwari ba su cinye itatuwan duniya ba.
Gobe zan bi maƙwabta gida-gida. Kowa ya zo ya ga amarya, ya ga uwarta zaune da ranta.